Mutum na Biyu a Bakin Waya

"Ranar Lahadi kai za ka je," in ji Likita Irmtraud, maƙwabciyata, tana kwance a gadon jinya, tana nuna ni da cokalin da ta kasa kaiwa baki.

"Likita, ni fa ban yarda da Allah ba."

"Wa ya tambaye ka, Farfesa? Ni ma ban yarda ba. Tsayawa kawai za ka yi."

Shekara talatin ke nan, kowace Lahadi da ƙarfe biyu, ita da Fasto Lüdemann suke zuwa daji, bakin wayar da ta kewaye rumbun sharar nukiliya, ya yi addu'a, ita kuma ta riƙe na'urar auna tururin guba. Da can masu zanga-zanga ɗaruruwa ne, da taraktoci da 'yan sanda. Yanzu su biyu suka rage. Faston ya riga ya faɗa: ranar da ya tsinci kansa shi kaɗai, ya daina, don ba zai yi wa itatuwa wa'azi ba.

Ni dai na yi digiri biyu a kan dalilin da ya sa irin wannan tsayuwa ba ta canza komai. Na fara yi mata bayani.

"Soya mini naman kaza," ta katse ni. "Na daji, mai tsirowa a ƙasa kamar laima."

Matar da ta hana dukan layinmu cin naman kaza tun bayan hatsarin nukiliya na Chernobyl, wai yana shan tururin guba, har tana leƙa kwandunan mutane! Na soya da man shanu. Ta ci yanka uku.

"Kash," ta ce. "Ashe haka yake da daɗi."

Ta rasu ranar Asabar da hantsi, taga a buɗe.

Lahadi na sa rigar ruwanta mai launin ɗorawa, wadda ta matse ni a kafaɗa. Fasto Lüdemann yana jingine da wayar. Ya dube ni, ya dubi bayana, kamar Likita tana tafe.

"Ka makara da minti huɗu, arne," ya ce, ya buɗe littafinsa.

Ban ce amin ba. Ruwa yana sauka a kan itatuwan. A cikin aljihun rigar, na'urar da ban san yadda ake kashewa ba tana ta yin ƙas, ƙas, a hankali.