Hular Malam Kalilu

Da hantsin ranar Talata layukan sadarwa na Argungu guda goma sha shida suka mutu lokaci ɗaya, kafin azahar kuma shugabanmu Maliki ya riga ya rubuta takardar gargaɗi da sunan Malam Kalilu. Ita ce ta uku, ta uku kuwa kora ce.

Ni ke kula da ɗakin na'urori na Gesse a Birnin Kebbi, Malam Kalilu kuma na Argungu. Na'urar da muke kira maks tana tattara layuka da yawa ta tura su ta igiya ɗaya. In ta lalace, luf muke sakawa, wato mu juyo da sigina ya dawo inda ya fito. In ya dawo lafiya, wannan ɓangaren ba shi da laifi, sai a matsa gaba.

Malam Kalilu ne ya koya mini wannan aiki, shekara tara ke nan. Yana da wata ɗabi'a da muka daɗe muna masa dariya a kai. Duk sanda ya saka luf sai ya cire hularsa ya rataya a jikin na'urar, ba zai mayar da ita kai ba sai ya cire luf ɗin. Na sha tsokanarsa cewa mu 'yan kwamfuta mun wuce zamanin hula.

A wannan Talatar, fitilun ɓangarena duk kore ne, nasa duk ja. Maliki ya ce magana ta ƙare. Na roƙe shi awa ɗaya, don raina bai so a sallami tsohon nan da bakina ba.

Na kira Malam Kalilu a waya ya saka luf daga can. Sigina ya dawo mini tas. Ya cire luf ɗin, sigina ya sake dawowa tas. Can sai ya ce:

"Sharifa, ɗiyata, na zare igiyar gaba ɗaya, ga ta ga hannuna. Mi kig gani?"

Na duba. Kore shar.

"To, siginanki bai hita Birnin Kebbi ba."

Sai na tuna. Da safen nan na saka luf ta kwamfuta don wani ɗan gwaji, aka kira ni a ofis, na tashi na bar luf ɗin a kunne. Tun hantsi na'urata da kanta take hira, ni kuma ina ta yaba lafiyarta. Dannawa ɗaya na yi, layukan Argungu suka dawo.

Malam Kalilu ya ce in rubuta cewa abin ya gyaru da kansa, ba wanda zai bincika. Gaskiya na so hakan, kunya ta ishe ni. Amma na san Maliki, abin da ya gyaru da kansa a wurinsa laifin Argungu ne.

Na shiga ofishinsa na ce, "Yallaɓai, a canza sunan da ke takardar nan. Ni na bar luf."

Ya canza. Ita ce ta farko gare ni.

Ranar Alhamis wani direban motar Argungu ya kawo mini ƙunshi a leda. Tsohuwar hula ce, zarenta duk ya koɗe, an ɗaura mata igiyar ratayawa.