Gishiri a Gindin Raga

Ranar Litinin da safe Evaristo Luján ya ga gishirin. An barbaɗa shi a gindin turakun ragar da ke kallon rumbunan alkama, mai manyan ƙwayoyi, irin wanda ake watsa wa nama a kan garwashi. Ya tsuguna a hankali saboda ɗinkin da ke mararsa, ya ɗanɗana. Shekara talatin da ɗaya yana kula da filin ƙwallon kulob ɗin Ferroviario, ya san abin da gishiri ke yi wa ciyawa. Kwana huɗu ta yi ja, kwana goma ta mutu.

Mutanen Juventud ya fara zargi, kulob ɗin garin da ke gaba. Su ne a saman tebur, Ferroviario na bin su a baya, ita da rabonta da kofin lardi tun shekarar da jirgin ƙasa ya daina tsayawa a garinsu, Lazarte. Amma kwaɗon ƙofa lafiya lau, ba a yanke waya ba, kuma maƙwabta ba su ji haushin karen kulob ba, shi da ke tare baƙo tun daga kan titi.

Ya shiga kantin kulob. Gordo Bertola, mai kantin, yana zuba mate, shayin ganyen da ake zagayawa da shi a ƙoƙo ɗaya, kowa ya zuƙa da bututu. Shugaban kulob, Don Hilario Pautasso, na zaune tare da direban motar 'yan wasa.

"Don Hilario, an zuba mana gishiri a raga."

Don Hilario ya dubi farcensa. "Ƙila tururuwa ake kora."

"Tururuwa a gindin ƙarfe?"

"Tsoho, bar zancen tururuwa," in ji Gordo. "Ɗinkin ya kama kuwa? Ni fa na ga kamar ka yi saurin tashi. Aikin ƙaba ba wasa ba ne. Da ni ne, sai na kwanta har Kirsimeti."

"Kai ko ba aiki a kwance kake."

Ba wanda ya yi dariya. Gordo ya cika ƙoƙon ya miƙa wa Don Hilario. Ya dawo, ya cika, ya miƙa wa direba. Ya dawo. Evaristo ne a hannun dama, shi ya kamata ya karɓa. Gordo ya leƙa cikin ƙoƙon, ya ce ganyen ya salance, ya juye shi a kwandon shara. Ganyen da ko zagaye ɗaya bai yi ba.

A bayan kanta akwai buhun gishiri, bakinsa a buɗe, an ɗebi kusan rabi. Da Evaristo ya juya zai fita, gilashin ƙofa ya nuna masa su ukun. Kowannensu ya kai hannu gaban wandonsa ta hagu.

Kafin ya isa gida ya gama haɗa zancen. Wasa biyar na farko yana asibiti ko yana kwance a ɗaki, aka ci duka biyar. Ya dawo bakin fili, aka yi kunnen doki, sannan aka sha kashi. Lahadin da ya tafi jana'izar ɗan kawunsa, aka ci uku da nema. Jiya yana tsaye a gurbinsa kusa da benci, aka farke musu a minti na ƙarshe.

Mufa. Mai ƙashin tsiya, wanda saboda shi ake barbaɗa gishiri, ake taɓa wando don kore sharrinsa. Ba wanda zai faɗa masa a fuska, ba a taɓa faɗa wa kowa ba. Haka aka yi wa wanzamin kusurwar coci shekarun baya. Da fari aka daina kiran sunansa, sai dai a ce "wancan na kusurwa". Aka daina gayyatarsa biki, aka daina tambayarsa ko za a yi ruwa, daga baya aka daina zuwa aski. Mutum shida ne suka raka gawarsa. Evaristo ba ya cikinsu. Shi ma ya sha taɓa wando in ya wuce shagon.

Daga makon nan sai aike ya yi masa yawa, kuma duk ran Lahadi. Injin yankan ciyawa na bukatar wani ƙarfe da sai a birni ake samu. Akwai takardar da lallai a kai wa hukumar gasa hannu da hannu. Ya je, don ƙin zuwa ma magana ce. A tashar mota ko a gidan mai yake jin sakamako a rediyo. Biyu da ɗaya. Ɗaya da nema. Huɗu da biyu. Sai ya ji ƙirjinsa ya buɗe, nan take kuma ya tuna cewa kowace ƙwallo shaida ce a kansa. Ran Litinin ya dawo ya tarar da sabon gishiri a duk inda ya taka, ya kankare, ya zuba ruwa, ya dasa wata ciyawar.

Ya riƙa auna mutane ɗaya bayan ɗaya. Gordo yana da suruki marar aikin yi da ke son filin. Direba bai manta rigimar da suka yi kan tiyon ruwa ba. Koci baƙo ne, kuma baƙo yana son abin da zai jingina wa laifi. Kowa ya gaishe shi da fara'a, sai ya tambayi kansa dalilin fara'ar.

Saura wasa ɗaya. Juventud ta fi su da maki guda, kuma ita za ta zo Lazarte. Kunnen doki ba zai wadatar ba.

Ran Alhamis Don Hilario ya zo gidan da kansa, bai zauna ba.

"Evaristo, ka daɗe ba ka ga 'yarka a Rosario ba. Jikokin nan sun fara manta fuskarka. Motar Lahadi ta ƙarfe takwas ce. Gordo zai kai ka tasha."

"Na san hanyar tasha, Don Hilario."

"Saboda ɗinkin."

"Wata shida ke nan."

"Duk da haka." Ya dafa ƙofa. "Ka ja mana layi ran Asabar. Ba mai iya miƙe shi kamar kai."

Da ya tafi, Evaristo ya zauna a madafa. Matarsa Zulema tana murza fulawa.

"Gordo ne ya fara zancen nan," in ji shi. "Na kwana na tashi, shi ne. Surukinsa yake yi wa hanya."

Zulema ba ta ɗago ba. "Ba Gordo ba ne."

"Wa ya gaya miki?"

"Ni ce." Ta ci gaba da murzawa. "Ranar da aka sallame ka, a wurin mai burodi. Aka tambaye ni jikinka, na ce a bar shi a kwance, tun da ya kwanta suke cin wasa. Wasa nake yi. Matar Gordo tana bayana a layi."

Ya daɗe yana kallonta. Shekara talatin da takwas suna tare, kuma ita kaɗai ce bai saka a awonsa ba.

"Wasa."

"Wasa, tsoho. Ka ga na taɓa wani abu in ka shigo ɗaki?"

"Ban lura ba. Yanzu zan fara lura."

Ta ɗauke hannu daga fulawar. "To ka lura. Amma ka tafi Rosario suka ci, kai ne. Ka tsaya a bakin fili suka sha kashi, kai ne."

"Na sani. Ƙofa ɗaya ta rage. Ina wurin, su ci."

"Ba za su bar ka ka shiga ba."

"Ba sai sun sani ba, sai an tashi."

"Sai su ce daga baya ka lallaɓo."

Wannan bai yi tunaninsa ba. Ita ta yi.

Ran Lahadi Gordo ya kai shi tasha, ya tsaya har motar ta tashi, yana ɗaga hannu. Evaristo ya sauka a mararraba, ya biyo tsohuwar hanyar jirgi a ƙafa, tsakanin gonakin alkama da aka fara yanka. Kafin sha ɗaya ya shiga fili ta ɓarakar da shi da Zulema kaɗai suka sani, ya faɗa ɗakin da yake ajiye farar ƙasa da injin, a kusurwar bayan raga. Zulema ta miƙa masa gorar ruwa da burodi, ta datse kwaɗo ta waje. Da aka buɗe ƙofar fili ta nemi Don Hilario a gaban mutane, ta ce rigarta ba aljihu, ya riƙe mata wannan mabuɗin. Ya jefa shi a aljihun ƙirji bai ko duba ba.

Ɗakin na kwano ne, watan Disamba ne, lokacin zafi a ƙasar nan, rana na tsaka. Zufa ta jiƙa shi tun kafin a busa usur. Akwai hujin ƙusa a jikin kwanon, daidai ido in ya ɗan sunkuya. Ta nan ya ga rabin fili, ragar da ke kusa, da Gordo yana watsa wani abu daga aljihu a gurbin da ya saba tsayawa.

Minti na ashirin Juventud ta samu bugun kwana. Ya ga ƙwallon ta taso, ya ga golansu ya fito bai kai ba, ya ga ta shiga. Komai ya gani, bai ƙifta ba. Filin ya yi tsit, sai gangar baƙi daga can ƙarshe.

Bayan hutun rabin lokaci aka juya, Ferroviario ta dawo tana kai hari ragar da ke gabansa. Suka bugi turke. Suka buga sama. Zufa ta shiga idonsa, ya janye ya goge da gefen riga, ya sunkuya ya ɗauki gora. Ruwan na maƙogwaronsa ihu ya girgiza kwanon. Da ya mayar da ido, 'yan wasansu na kan juna a ƙasa. Ɗaya da ɗaya.

Ya tsaya da gorar a hannu. Daƙiƙa nawa ya yi bai duba ba? Goma? Bai yarda da wannan tunanin ba, amma tunanin bai tafi ba. Ya manna ido a hujin, ya ce ko za a mutu ba zai ƙara ɗagawa ba. Rabin sa'a yana kallo. Rabin sa'a ba abin da ya shiga. Sau biyu ƙwallo ta wuce gola, sau biyu wani ya share ta a kan layin da ya ja da hannunsa.

Saura minti biyu aka kwashe ƙafar Colorado Ansaldi, ɗan wasan gabansu, a cikin da'ira. Alƙali ya nuna fenareti. Evaristo ya ga Colorado ya ɗauki ƙwallo, ya goge ta da riga, ya aza ta a kan ɗigon farar ƙasa. Ya san ɗigon. Jiya ya cike ramin wurin, ya daddaɓe shi da ƙafa. Colorado ya ja baya taku huɗu. Alƙali ya kai usur baki.

Evaristo ya juya ya fuskanci bango. Akwai cebur a rataye, da wani tsohon kalanda. Ya zuba wa ceburin ido.

Ihun bai tsaya ba har aka tashi.

An ɗauki lokaci kafin Zulema ta iya janyo Don Hilario daga cikin jama'a. Ta ce ya ba ta mabuɗinta, ko ma dai ya zo ya buɗe da kansa. Mutane suka biyo su, Gordo a gaba da kofin a kafaɗa. Kwaɗon ya buɗe. Evaristo ya fito, jiƙe sharkaf.

Hannuwa da yawa suka tafi gaban wando, suka tsaya a hanya.

"Tun yaushe kake nan?" in ji Don Hilario.

"Tambayi aljihunka."

Don Hilario ya dubi mabuɗin, ya dubi kwaɗon. Gordo ya sauke kofin.

"Ni da kaina na saka ka a mota, tsoho."

"Ka kuma ɗaga mini hannu. Na gode."

Wani ya yi dariya a baya, wasu suka kama. Don Hilario bai yi ba. Ya leƙa ɗakin, ya sunkuya ya sa ido a hujin, ya miƙe. Mutum ne da ya zo kowane wasa na bana da safa ɗaya ba wanki, ba ya ɗaukar irin wannan da wasa.

"To ba a taɓa komai," in ji shi. "Yadda aka yi yau haka za a yi baɗi. Motar ƙarfe takwas, Gordo ya kai shi tasha. Ya dawo ta hanyar jirgi. Doña Zulema ta rufe, ni in riƙe mabuɗi."

"Kowane wasa?" in ji Zulema.

"Na gida dai."

Aka yarda nan take. Wani ya ce dama shi bai taɓa yarda da zancen ba. Direba ya kawo fulas, Gordo ya cika ƙoƙo da sabon ganye, ya sha na farko kamar yadda ake yi, ya cika na biyu ya miƙa wa Evaristo a gaban kowa. Evaristo ya karɓa. Ya yi zafi, ya yi ɗaci daidai.

Colorado ya ratso mutane ba riga, ya rungume shi.

"Don Evaristo, ka ga inda na saka ta? Ka gani kuwa ta wannan ɗan hujin?"

"Na gani."

"Ina?"

Evaristo ya zuƙi maten har ƙoƙon ya yi ƙara. Zulema tana kallonsa.

"Inda gola ba ya nan," in ji shi.

Aka fashe da dariya, aka ɗauke Colorado a kafaɗa aka yi gaba. Evaristo ya mayar wa Gordo ƙoƙon, ya koma ɗakin ya ɗauko ceburin, ya nufi gindin raga, inda gishirin ya fi yawa.