Muryar Cedric a Gaban Kyamara

Mijina Cedric Pumfrey ya tsufa a dandamalin wasan kwaikwayo na garin Leeds kafin a taɓa kiransa fim. Ranar da kiran ya zo, da gudu ya faɗo kicin, har ya kifar da butar shayi.

"Glenda, sun ɗauke ni! Ni ne likitan ƙauye!"

Na raka shi wurin ɗaukar fim ɗin, na samu gefe na zauna. Maganarsa a fim ɗin ɗaya ce tak, zai gaya wa wata uwa cewa ɗanta zai warke. Ana kunna kyamara sai ya buɗe ƙirji, ya saki muryar nan da ya saba cillawa har kujerun baya. Mai ɗaukar sauti ya zabura, ya fizge abin kunnensa.

"Haba dattijo, kurmantar da ni za ka yi?"

Darakta, wata matashiya mai suna Imogen, ta ce, "Mista Pumfrey, matar nan ga ta a gabanka, ba a Landan take ba, rage murya. In abin ya gagara, dole mu nemi wani."

Aka sake, ya sake tsawa. Ya waiwayo ni, gumi na keto masa.

Na ce, "Tsoho, yi mata muryar da kake lallashina da ita in ka ƙona burodi."

Kowa ya kwashe da dariya. Shi kuwa ya sunkuya, ya kama hannun matar, ya faɗi maganar a hankali. Wurin ya yi tsit.

Imogen ta daka tsalle. "Yauwa, ita ke nan! Gobe ma ka dawo, zan ƙara maka magana!"