Direban Mota Ta Bakwai

Matar mai gyaran agogo ce ta kawo mini zancen, ranar da ta shigo aron dutsen guga. Wai a sabon Lambun Tunawa da aka buɗe bayan tsohuwar tashar jirgin ƙasa, cikin sunayen matattun da aka sassaƙa a bango, akwai na mutumin da yake raye, yana ci yana sha. Wai har an gan shi tsaye yana karanta sunan nasa.

Na ce, "Wa ya gan shi?"

"Mutane, Malama."

"Su wa ke nan? Mutum nawa? Ran yaushe?"

"Kai, Malama, ke komai sai kin kai shi kotu. Ba ni dutsen in tafi."

Shekara talatin da huɗu na yi ina koyar da tarihi, kuma ban taɓa ba yaro maki a kan "mutane sun ce" ba. Ban ga dalilin da zan ba maƙwabciya ba.

Da ma ina cike da mutanen lambun nan. A rediyo sun yi ta shelar cewa an gina shi ne don duk wanda ya ba da ransa a yaƙin, soja da farar hula. Maigidana direban motar asibiti ne, kuma a bakin aiki aka kashe shi, yana ɗauko waɗanda suka ji rauni daga gadar da ke bayan gari. Ya bar ni da yarinya 'yar wata takwas. Aka yi bikin buɗewa, aka busa begila, aka yanka ƙyalle, ba wanda ya aiko mini da ko guntun kati. Na riga na yi alkawari ƙafata ba za ta taka wurin ba. Amma ƙarya idan ta shigo mini har ɗaki, ba na iya barci sai na raka ta gida. Washegari na ɗauki sandata da tabarau na hau motar haya.

A ƙofar lambun akwai wani tsohon kofur mai gadi, da lambar yabo guda ɗaya rataye a aljihun riga. Ya sara mini kamar ya ga janar.

Na ce, "Sauke hannunka, Kofur, ban ci yaƙin kowa ba. Ina sunayen farar hula?"

"Ki bi tsakuwar nan, Inna, ki wuce tuta, ki zaga bayan babban bangon. Kusa da famfo."

Kusa da famfo! Bangon sojoji kuwa ba sai an yi maka kwatance ba. Baƙin dutse ne mai sheƙi, kana ganin fuskarka a ciki, an jera furanni a gindinsa, ga benci uku ga inuwa. Ban ce ba su cancanta ba, yawancinsu yara ne da ko gemu ba su tsayar ba. Amma da na zaga baya sai na tarar da namu bangon, gajere, ruwan toka, yana fuskantar ɗakin ajiye kayan aikin lambu. Wani ya naɗe tiyo a gindinsa, wani kuma ya shanya jiƙaƙƙen tsumma a kan sunayen ma'aikatan jinya. Da bakin sanda na ɗauke tsumman na wurga shi cikin ciyawa.

Bisa sana'a aka jera sunayen. Ma'aikatan jinya, 'yan kwana-kwana, masu gyaran layin dogo, har da masu gasa burodi biyu da ban taɓa jin labarinsu ba, na tsaya na karanta su da kyau. Direbobi na can ƙasa, sai da na durƙusa, kuma gwiwata ba ta yafe mini ba har yau. Kowane direba da lambar motarsa da ranar da ya rasu. Na bi da yatsa. Mota ta biyu, ta biyar, ta bakwai. Ranar daidai take, Talatar nan da ba sai an tuna mini ba.

Sunan ba na maigidana ba ne. Sunan Dogo ne, cikakke, har da na ubansa.

Dogo abokin aikin maigidana ne a garejin asibiti. Shi ya ɗauko gawarsa, shi ya tsaya mini a kan komai a makon nan. Kuma watan jiya na gan shi da idona a layin masu facin taya, yana faɗa da wani a kan kujera. Na sake bin jerin daga sama har ƙasa, sau biyu, ko an sa maigidana a wani wurin. Babu shi.

Ofishin lambun ɗaki ɗaya ne a gefen ƙofa, da fanka mai ƙara da kabad na ƙarfe. Sakataren kwamiti matashi ne mai tsabta, da alƙalami uku a aljihu.

Na ce, "Ɗan nan, wa ya ba ku sunayen direbobi?"

"Bincike muka yi, Mama. Shekara biyu cur."

"Madalla. A cikin shekara biyun, kun tambayi mutum ko ɗaya mai numfashi?"

Ya yi murmushin da ake yi wa tsofaffi. Ya bayyana mini cewa fayilolin ma'aikatan asibiti sun ƙone tun lokacin yaƙin. Abin da ya tsira littafin jadawalin gareji ne, wanda ke nuna direban da ke kan kowace mota a kowace rana. Sai suka ɗauki rahoton sojoji na motocin da aka harba, suka haɗa da jadawalin. Mota kaza, rana kaza, direba wane.

"Takarda ba ta mantuwa, Mama. Mutane kuwa suna yi."

"Takardar taka ta kashe mutumin da ke raye. Ɗauko ta in gani."

Ya ɗauko kwafin ya shimfiɗa a tebur. Na gane rubutun nan take, na shugaban gareji ne, mutumin da na shekara arba'in da ɗaya ba na amsa gaisuwar ko jikokinsa. Talata, mota ta bakwai, sunan Dogo. Layin maigidana a ranar babu komai, sai can a ranar Alhamis.

Na ce, "Ranar hutunsa ce. Shugaban garejin ne ya tilasta masa fita. Maigidana da bakinsa ya gaya mini da safen, yana ɗaura takalmi."

"Ba a rubuta haka ba."

"Ai mai zalunci ba ya rubutawa."

"To, Mama, ni ba zan iya kankare dutse a kan maganar baki ba. Idan mai sunan yana raye, ya kawo takardar shaida da sa hannunsa, ya faɗi wanda ya tuƙa motar da dalilin da ya sa aka saɓa jadawali. Dalilin dole ne, kwamiti ba ya karɓa sai da shi. Idan ta zo, cikin wata guda mai sassaƙa zai gyara." Ya ɗan duba wani littafi. "Amma abin da mamaki. Mun aika wa iyalinsa kati, kuma wani dattijo ya zo a madadinsu. Dogo haka, da rawar hannu. Layin gaba muka zaunar da shi, har fure aka ba shi."

Ban san lokacin da na buga sanda a ƙasa ba, har Kofur ya leƙo ta taga.

Na karɓi farar takarda biyu a hannun sakataren, na ari ɗaya daga cikin alƙalumansa uku, na nufi layin masu facin taya. Dogo na zaune gaban shagon ɗansa a kan kujerar mota da aka ciro aka jingina da bango, yana kallon wani kwano cike da ruwa da ake tsoma tayoyi a ciki. Da ya hango ni ya yi yunƙurin tashi.

Na ce, "Zauna abinka, mamaci ba ya tashi wa kowa. Sannu da rasuwa, Dogo. Ya kwanan kabari?"

Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Matar yaya, ashe kin je."

"Na je. An ce ka sha fure. A kujerar wa ka zauna?"

"Malama, zauna mana, ga benci."

"A kujerar wa ka zauna, na ce?"

Ya sunkuyar da kai. "A taki."

"Ka ga sunanka a inda nasa ya kamata ya kasance, ka gyara hula ka dawo gida ka ci abinci. Wata uku ke nan. Gidana ya yi maka nisa? Ko bakinka ne ya mutu tare da sunan?"

Na zauna, don gwiwar ta ƙi. Na ɗora takarda a kan jakata na ce ya faɗa in rubuta, tunda hannunsa ba ya riƙe alƙalami. Na ce ya fara da shugaban gareji.

"Ba ruwan mutumin nan a ciki," in ji Dogo. "Bai ma sani ba sai da aka kawo labari."

"Kamar yaya bai sani ba?"

"Musaya muka yi. Haka direbobi ke yi. Idan kana da uzuri, ka nemi ɗan'uwanka ya riƙe maka ranarka, kai ma ka riƙe masa tasa. Ba a rubutawa, don idan shugaba ya ji, dakatarwa ce ta mako biyu. Sai ka bar masa makulli ƙarƙashin kujera, ya fita kafin a buɗe ofis. Duk garejin haka muke yi, littafin nan rabinsa ba gaskiya ba ne."

Shekara arba'in da ɗaya ina tsine wa mutumin da bai yi mini komai ba. Wannan ma ya ƙara mini wuta.

"To kai ka roƙe shi ke nan. Ka ɗauki ranarka ka ɗora masa, ya tafi ya mutu mutuwarka, yanzu kuma ka haɗa da dutsen. Ina ka je ranar? Wane uzuri ne ya fi ransa?"

"Rubuta cewa ni na roƙe shi. Haƙori ne ya dame ni, na je aka cire."

Na rubuta rabin layi na tsaya.

"A ina aka cire?"

"A asibitinmu mana."

"Ɗakin haƙori da aka mai da wurin kwantar da masu rauni tun watan farko na yaƙin? Ni da kaina na yi jinyar nawa haƙorin da gishiri har aka gama."

"To ba haƙori ba ne. Tsohuwata ce ba ta da lafiya."

"Tsohuwarka da muka yi zaman makokinta kafin a yi aurena? Dogo, yara dubu sun yi mini ƙarya a aji, kuma mafi daƙiƙancinsu ya fi ka iyawa."

"Malama, don Allah ki rubuta haƙorin. Wa zai bincika? Su dai dalili suke so. A kankare nawa a sa nasa, shi ke nan kowa ya huta."

"Ƙarya guda ta riga ta hau bangon nan, ba da hannuna za a ɗora ta biyu ba. Ko ka faɗi abin da ya faru, ko in je in gaya wa duk garin nan cewa tsoro ne ya sa ka ɓuya ka tura abokinka."

"Ki faɗa. Na yarda."

Wannan ne ya tsayar da ni. Dogo mutum ne da zai yi faɗan yini guda a kan kujera, ga shi na miƙa masa sunan matsoraci ya karɓa hannu biyu. Na soke abin da na rubuta, na ɗauko takarda ta biyu.

Na ce, "Ita kaɗai ta rage, ba ni da wata. Faɗi."

Ya ɗauke ido daga kwanon ruwan. Sannan ya faɗa, a hankali, ina rubutawa. Da ya gama na karanta masa, ya riƙe alƙalamin da hannu biyu ya sa hannu, ni ma na sa nawa a wurin shaida. Kafin a tashi aiki na miƙa wa sakatare takardar tare da alƙalaminsa. Ga abin da ke ciki:

"Ni ne mai sunan da ke kan mota ta bakwai, kuma ina raye. Ba ni na tuƙa ta ba ranar Talatar. Mijin wannan matar ne ya tuƙa, shi ne ya mutu a gada. Ba wanda ya tilasta masa. Shi ya zo ya roƙe ni in ba shi Talatata in karɓi Alhamis ɗinsa, saboda ranar Alhamis matarsa za ta rubuta jarrabawar zama malama, kuma ba ta da wanda zai riƙe mata yarinya. Ya ce kada in gaya mata, don ba za ta yarda ba."