An Hana Dubiya

Har sun tuttuɓe takalma a ƙofar falat ɗin da ke unguwar Al Rigga, can ƙasar Larabawa, lokacin da Mahfuza ta buɗe, ta tare hanya da jikinta. 'Yan kasuwar Kano ne, abokan mijinta Ɗalhatu, sun zo dubiya. A gaba akwai wansa, Yaya Salmanu, yana tari, riƙe da jarkar jiƙo da ta iso daga gida ta jirgin kaya.

Ɗalhatu yana kan kemo, ruwan maganin da ake ƙara wa mai ciwon daji. Likita ba ta ɓoye musu ba: maganin yana cin ƙarin da ke hanjinsa, amma yana karya garkuwar jiki, mura ma tana iya kai shi kushewa. Wancan karon kunya ta sa Mahfuza ta bari aka cika falo, aka yi ta musabaha ana tofa masa addu'a. Zazzaɓin da ya biyo baya sai da ya sa ya daina gane ta.

"Yaya, ku yi haƙuri. Ku yi masa addu'a daga nan, yana jin ku."

Salmanu ya dube ta sama da ƙasa. Ya ce dama ruwan Turawan nan ne ya zubar wa ƙaninsa da gashi, ya mai da shi kamar tsinke, ita kuma ta kulle shi don kada a ba shi na gida.

Ba ta taɓa musu da shi ba. Sai tarin ya sake taso masa.

"Khalas, magana ta ƙare, Yaya. Wallahi ko Hajiya mahaifiyarku ce ta zo da wannan tarin, a nan za ta tsaya."

*

Kafin la'asar magana ta kai Kano. Marar kunya, mai raba zumunci, ba abin da ba a kira ta ba. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai. Ta yi kukanta a kicin, ta wanke fuska, ta koma ta riƙe wa Ɗalhatu robar amai.

*

Ranar da likita ta ce ƙarin ya ragu, yanzu ana iya yin aiki, Mahfuza ta fita barandar asibiti ta kira Yaya Salmanu don ta yi masa albishir. Ya katse. Ta kira surukarta, waya ta yi ta ƙara.

Da suka koma gida, ta taimaka wa Ɗalhatu ya cire takalmi. Ta jera nasa kusa da nata a bakin ƙofa, su kaɗai, ta murza mukulli.