Kazar Jegon Tuda

A ƙauyen Ait Wamdi, can saman duwatsun Azilal, tsoho Bassu ya raba duniya biyu: na gida da rumi. Sunan tsohuwar daular Rum ne. Daular ta mutu tuntuni, sunan ya ƙi bin ta kabari. Bature rumi ne. Wando mai matse cinya rumi ne. Man shanun da ake naɗewa a takarda, saniya mai dabbare-dabbare, likitan asibiti, duk rumi. Har maƙwabcinsa Haddu, da ya haƙi kwal a Faransa ya dawo da malafa, Bassu ya laƙaba masa Rumi, gari ya ɗauka. Tun daga nan gaisuwar masallaci kaɗai ke haɗa su.

Da kaka annoba ta share kajin ƙauyen. Ana cikin haka 'yarsa Tuda, da ta zo gida haihuwar fari, ta sauka. Ta zubar da jini da yawa, nono kuma bai kawo ba. Ran kwana uku ake yi wa mai jego rafisa, kaza da hulba a kan yagaggiyar gurasa. Ranar ce uwar miji ke zuwa dubiya. In riƙon bai yi mata ba, sai ta kwashe mai jego da jariri ta kai birni.

Ana gobe za a yi rafisa, mijin Tuda, Mbarek, direban bas, ya iso da fararen kaji biyu figaggu a leda.

"Mene ne wannan?" in ji Bassu.

"Kaji ne, Baba. Dubi ƙiba."

"Kumburi dai. Abin da bai taɓa tono ba, bai taɓa ganin rana ba, wane ƙarfi zai ba mai jego?"

Ittu, matar Bassu, ta latsa ƙirjin ɗaya da yatsa. "Kafin hulba ta nuna wannan ta zama kunu. Ɗana, ku gasa ku ci, ku maza."

Gida ɗaya ke da sauran kaji. Haddu ya kewaye nasa da waya, ya ɗiɗɗiga musu rigakafi a ido, ana yi masa dariya.

"Bari in bi ta wajen matarsa," in ji Ittu. "Kai ba zai ba ka ba."

"Zauna. Ba a hana kazar jego ko tsakanin masu gaba. Ya sani."

Ya tarar da Haddu a ƙofar gida yana shan shayi.

"Salamu alaikum, Rumi."

"Wa alaikumus salam. Yau sarkin gargajiya ya yi ɓatan kai?"

"Tuda ta sauka. Kaza nake so."

"Na ji, Allah ya raya. Amma kajina sun sha maganin Nasara. Ba su zama rumi ba?"

"Na san zakaran da ya haife su. Magani ba ya canza dangi. Kai ma babu abin da ya canza a jikinka, malafar ce kawai."

Haddu ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi. Ya buɗe ƙyauren waya. "Ga su. Ka san ƙa'ida. Ba a saye, ba a miƙawa, mai nema shi ke kamawa. In gwiwa ba za ta iya ba, jira su hau kwana."

Bassu ba zai jira ba, naman na bukatar kwana cikin kayan ƙamshi. Ya duba garken, ya zaɓi wata ja mai dogayen ƙafafu, wadda ta fi kowace tsere. Ya bi ta, ta bi ta ƙarƙashinsa. Ya sake bi, ta haye tulin itace. Mata suka fito kan soraye. Ya kai mata cafka, ya zame, gwiwarsa ta daki dutse. Bai dubi kowa ba. Ya tashi, ya daina gudu, ya riƙa takawa a hankali har ya kai ta lungu. Sai ya tuɓe jallabiya ya watsa mata.

"Da ka yi magana da na zuba musu sha'ir," in ji Haddu.

"Kazar da hatsi ke kamawa akwai ta a leda a gidana."

Ya ɗauko ta a hammata, yana ɗingishi, ya ratsa tsakiyar gari da kai a sama. Da hannunsa ya yanka.

Washegari uwar Mbarek, Lalla Hadda, ta iso da ayarin mata. Ittu ta ajiye akushi. Romon ya yi kauri, naman baƙi-baƙi, ya dahu bai farfashe ba. Tuda ta ci, gumi ya keto mata, ta ce a ƙara. Lalla Hadda ta ɗauki ƙashin cinya ta gwada da haƙori. Bai fashe ba. Ta ajiye, ta lashe yatsa.

Kafin la'asar nono ya kawo, kukan jariri ya ɗauke. Bassu na zaune a waje da gwiwa a ɗaure, ya ji muryar Lalla Hadda daga ɗaki.

"Mbarek, je ka tada motarka. Tuda na nan sai ta yi arba'in."