Baƙon da Ba a Ba Shi Ruwa

"Mama, in Shaiɗan ya zo gidanmu ya yi sallama, za mu ba shi ruwa?"

Filomina ce ta yi mini wannan tambayar jiya da yamma, ina tsugune ina wanke-wanke, ƙanenta Dominik yana goye a bayana. Shekarunta biyar. Na ce wa ya gaya mata Shaiɗan yana sallama? Ta ce ai ni na ce duk baƙon da ya shigo a ba shi ruwa kafin a tambaye shi abin da ke tafe da shi, Baba Katikis, mai koya mana addini a coci, kuma ya ce Shaiɗan gida-gida yake bi. Na ce ta miƙo mini soso. Amsar da ta samu ke nan.

Akwai dalilin da ya sa tambayar ta tsaya mini a wuya. Makon jiya zazzaɓi ya kama Dominik har ya yi jijjiga. Na kai shi asibiti, an ba shi magani, jiki ya yi sauƙi, ranar Asabar kuma za a yi masa baftisma. To jiya da rana sai ga Gwaggo Kande, ƙanwar mahaifin mijina. Ta ce wannan ba aikin asibiti ba ne, ciwon tsuntsu ne, wanda ke kama yaro in inuwar tsuntsu ta bi ta kansa, kuma zai dawo. Ta kwance bakin zaninta ta fito da wata 'yar laya mai baƙin zare, daga wurin wani boka. Ta ce a ɗaura masa a ƙugu ƙarƙashin rigar baftisma, Fada, limamin cocinmu, ba zai gani ba.

Gwaggo ba muguwa ba ce. 'Yar Zumuntar Mata ce, ita ke buga tulu a coci, kuma 'ya'ya biyu ta binne da irin wannan ciwon. Na kasa kallon idonta in ƙi. Na ce, "To, Gwaggo, za mu gani." Ta ajiye layar a cikin kwanon sha, ta ce da safe za ta dawo ta ɗaura masa da hannunta.

Da wannan na kwanta, a daren na jiya kuwa na yi wani mafarki.

Na gan ni a wani gari, Dominik a bayana, na ɗaure shi tamau da majanyi. Ruwa ake yi, amma daga ƙasa yake fitowa yana tafiya sama, don haka kowa ya kife lemarsa ya tsaya a ciki. Tsuntsayen garin ba sa tashi. A ƙasa suke tafiya, sanye da takalma, suna bin duk matar da ke da goyo. Wasu suka biyo ni. Ɗaya daga cikinsu sai tari yake ta yi.

Na lura babu gidan da ke da ƙyaure. Na tambayi wata tsohuwa da ke zaune tana tankaɗen ruwa da rariya.

"Iya, ina ƙyamaren garin nan?"

"Ƙyaure rashin kunya ne," in ji ta. "Mu nan ba a ce wa kowa a'a."

"Ko ɓarawo?"

"Ai ba mu da ɓarayi, 'yata. Mu muke bayarwa."

Sai ga ni a asibiti. Wata akuya ce a kan tebur, da farar hula da tabarau, tana cin auduga.

"Me ke damun yaron?"

"Ya warke," na ce.

"Ayya, sannu. Bana warkewa ta fi komai wahalar da yara. Sauke shi mu auna shi."

"Ki auna mu tare."

Ta dube ni ta saman tabarau. "To sai dai ki ga Mai Ladabi. Shi ke riƙe wa mata yara. Gani kawai za ki yi, gani ba ya ciwo. In turo miki shi?"

Na ce, "To."

Ina faɗa na ji ƙullin majanyi ya saki kaɗan a ƙirjina, Dominik ya ɗan zamo ƙasa. Na gyara, amma zanin ya ƙi komawa yadda yake.

Sai ga ni a tsakar gidanmu, sai dai ya yi tsawo kamar filin ƙwallo. Tukunyata tana ƙasa, wutar tana kanta, miyar kuma sai ƙara ɗanyancewa take. Daga can nesa aka yi sallama.

Wani mutum ne cikin fararen kaya masu guga. Tun daga nesa ya cire takalmi, ya durƙusa ya gaishe ni, abin da ko ƙannena ba sa yi. Ina gajiya, ina yara, yaya Baban Filo a Kaduna, yaya jikin yaro. Na amsa duka, don ban ga ta inda zan ƙi amsa gaisuwa ba. Sannan ya ce:

"Yaya bayanki?"

Tun da yaron nan ya kwanta ciwo kowa jikinsa yake tambaya. Ba wanda ya tambayi bayana, ga shi kuwa kamar zai tsinke. Na ji hawaye sun taso mini.

"Ban zo karɓar komai ba, Maman Filo," in ji shi. "Ni ba na karɓa, ba ni ake yi. Miƙo shi in riƙe miki, ki ɗan miƙe."

"Na gode. Ba ya yarda da baƙo."

"Ai ni ba baƙo ba ne. In ɗan zauna?"

Na ce, "To."

Majanyi ya ƙara saki. Dominik ya sauko har tsakiyar bayana. Mutumin ya zauna a kan iska, ya harɗe ƙafa. Na lura ruwan da ke tashi daga ƙasa yana kauce masa, ko ɗigo bai taɓa rigarsa ba.

"Kada ki ji tsoro," ya ce. "Ni ma ɗan coci ne. Kullum nakan riga kowa zuwa addu'ar Mas, kuma babu waƙar da ban iya ba."

Ya zaro rosari, carbin addu'armu, daga aljihu ya fara ja. Ni mace ce mai duba ɗinki kafin in sayi riga, don haka na duba. 'Ya'yan rosarin sun cika, amma zagaye kawai suke yi, babu mafari babu ƙarshe.

"Ina gicciyen?" na ce.

"Yana yaga mini aljihu, sai na cire."

Ya nuna katanga da baki. Tsuntsayen nan sun jeru a kai, suna kwance igiyar takalmansu.

"Kin gan su? In suka gama cirewa tashi za su yi, inuwarsu ta bi ta kan yaron. Asabar da nisa. Ba za su jira Fada ba. Ni ban ce ki bar Allah ba, wane ni. Ki riƙe biyu. Shi ya tsare da rana, ni in tsare da dare. Ni ba ni da kishi, Shi ne mai kishi."

Na fara ba shi amsa. Na kawo masa abin da Baba Katikis ya koya mana, dokar Allah ta fari da bayaninta. Ya ji daɗi ƙwarai. "Madalla," yake cewa, "ci gaba, kin iya." Duk amsar da na bayar sai ya kawo wata tambaya mai daɗin ji, tsakar gidan kuma sai raguwa take. Da muka fara, da kyar nake ganin fuskarsa. Yanzu ina jin ƙanshin turarensa, ƙarƙashin turaren kuma akwai ƙaurin gashi.

Sai ya buɗe baki, muryar Gwaggo Kande ta fito.

"Biyu na binne, Maman Filo. Biyu. Ni ma addu'a nake yi lokacin. Ki yi tunani dai."

Na ce, "To, zan..."

Majanyi ya warware gaba ɗaya ya faɗi. Na kai hannuwana biyu baya na tallafo Dominik a ƙuguna. Jikinsa ya ɗauki zafi. Ba ni da sauran hannu ko na korar ƙuda.

A nan ne Filomina ta fito daga ɗaki.

Kwanon sha ne a hannunta cike da ruwa, ta riƙe da hannu biyu, tana tafiya a hankali don kada ya zube, yadda na koya mata. A cikin ruwan layar nan tana iyo kamar ɗan kifi. Ta zo gaban mutumin ta durƙusa.

"Ga ruwa, Baba."

"Kai, yarinya mai tarbiyya," in ji shi. "Wa ya koya miki?"

"Mama."

Ya miƙo hannu. Bai tashi ba, hannun ne ya yi ta tsawo. Ban san ko kwanon yake nufi ko wuyan hannunta ba, ban kuma tsaya in gani ba. Hannuna ba ya nan, amma ƙafata tana nan. Na yi ƙwallo da kwanon. Ruwan ya yi sama da layar da komai.

Na ce, "A'a."

Kalmar ta yi mini nauyi a maƙogwaro, da ta fito kuwa ashe ƙyaure ne, na katako, har da sakata. Ya faɗo daga bakina ya tsaya tsakaninmu, ni da 'ya'yana a ciki, shi a waje. Na sa goshi na tura sakatar.

Ya ƙwanƙwasa a hankali.

"Haba, Maman Filo. Da girmana?"

"Da girmanka."

"Me mutane za su ce? Kin zubar da ruwan baƙo a gaban yarinya."

"Su ce. Gara ta gani."

"To mu yi magana ta bayan ƙyaure."

"Na gama magana da kai."

"Yaron nan ba na kowa ba ne tukuna, ba a zuba masa ruwan baftisma ba. Ko baki ba shi da shi. Bari ya girma ya zaɓa."

"Bakina ne bakinsa har ya yi nasa," na ce. "Ranar Asabar Fada zai yi tambaya, ni zan amsa masa. Amma tun da ka ce Asabar da nisa, karɓi amsar yau. Na ƙi ka. Na ƙi ayyukanka duka. Na ƙi alkawuranka na banza."

Da ya sake magana, babu sauran ladabi a muryar.

"In ya mutu fa?"

Ba zan ɓoye muku ba. Wannan tambayar ce ta hana ni barci mako guda. Amma na lura da abu ɗaya: tun zuwansa bai taɓa cewa yaron zai rayu a hannunsa ba. Riƙewa kawai ya ce zai yi.

"In ya rayu na Yesu ne," na ce. "In ya mutu na Yesu ne. Ko ta ina aka raba, ba ka da kaso."

Na ce wa Filomina ta ɗauko majanyi. Na sunkuya na ɗaure ƙanenta har sai da numfashina ya ɗauke. Sannan na kama hannunta na dama muka yi alamar gicciye tare, da sunan Uba, da Ɗa, da Ruhu Mai Tsarki. Ruwan sama ya tsaya cak, kamar wanda ya tuna ya yi ɓatan hanya, sannan ya juyo ya fara zubowa ƙasa. Tsuntsayen suka tashi suka yi gabas, suka bar takalmansu a kan katanga. Inuwarsu ba ta biyo ta kanmu ba.

Shi kuwa bai tafi ba. Ya ci gaba da buga ƙyaure, yana bugawa, yana bugawa.

Na farka, ashe ƙyauren gidanmu ake bugawa. Gari ya waye, Dominik yana barci jikinsa lafiya lau, lokacin maganinsa ya yi. Gwaggo Kande ce ta dawo kamar yadda ta ce.

Na buɗe mata. Na shimfiɗa mata tabarma, na sa Filomina ta kawo mata ruwa a wani kwanon, don Gwaggo mutum ce, kuma tamu ce. Sannan na ɗauko layar, na durƙusa har ƙasa na ajiye a gabanta.

"Gwaggo, ki yi haƙuri. A'a."

"Au, kin fi ni sanin ciwon ɗa ke nan?"

"Ban fi ki ba. Amma ba zan kai shi gaban Allah da wannan a ƙugunsa ba. Ki zo ranar Asabar ki riƙe masa kyandir."

Ta ɗauke abarta ta ƙulle a zani, ta tashi ko ruwan ba ta sha ba. Na san kafin rana ta faɗi an kira Baban Filo a waya, na kuma san sunan da dangi za su sa mini. Su sa.

Filomina ta dubi kwanon ta dube ni. Na ce mata, "Tambayarki ta jiya. Mutum ana ba shi ruwa, ko da ya zo da abin da za a ƙi. Shi wancan ba a ba shi ruwa, ba a ba shi wurin zama, ba a yi masa bayani."

Ke uwa mai karanta wannan, da kai uba, ku ji ni da kyau. Ba da ƙaho zai zo ba. Zai zo ranar da kuka gaji, da muryar wanda kuke jin kunya, ya tambaye ku abin da ba wanda ya tambaye ku. Ba zai fizge ɗanku ba, jira zai yi ku miƙa. Kada ku ce masa za ku gani. Ku ce a'a tun yana nesa, ku tura sakata, domin akwai yarinya a bayanku riƙe da kwano, tana kallon abin da za ku yi.